Hannun Birkin da Mudi Ya Kushe

A garin Nguru an yi wani saurayi mai suna Mudi, jikan fataken Haɗeja, wanda ya iya tuƙa keken tsere kamar don shi aka ƙera. Amma Mudi yana da wani mugun hali: bai taɓa sayen abu bai kushe shi ba. Ko ƙosai zai saya sai ya ce man ya kwana. Ya ɗauki wannan a matsayin wayo, yana ma alfahari da cewa ba a haifi wanda zai ci ribarsa ba. 'Yan kasuwa kuwa in sun hango shi sai su ɗaure fuska.

A shekarar 2003 aka shirya tseren keke daga Nguru zuwa Gashuwa. Wanda ya zo na ɗaya shi kaɗai za a tura Damaturu cikin 'yan wasan jiha. Mudi ya daɗe yana kwana yana tashi da wannan gurbi, kuma mutum ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: Hizbullahi, ɗan Gashuwa, wanda ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ana saura 'yan kwanaki Hizbullahi ya shigo Nguru da sababbin hannuwa a kan kekensa, irin waɗanda suka haɗa birki da giya wuri guda. In ka matse, birki ne; in ka tura gefe, giya ta sauya. Ya tsaya a gaban Mudi, ya dubi tsofaffin maɓallan giyarsa da ke can ƙasa a jikin ƙarfen keke, ya ce, "Har yanzu sunkuyawa kake kamar mai tsintar gyaɗa? Kafin ka ɗago na sha ruwa a Gashuwa."

Maganar ta ƙona Mudi. Bai zame ko'ina ba sai rumfar Abbagana mai kayan keke na gwanjo. Abbagana ya fito da iri biyu: masu kyau da tsada, da wasu masu araha da suka sha jiki. Mudi ko kallon na farkon bai yi ba. Ya ɗauki na arahar, ya girgiza na dama, ya ji yana lilo.

"Malam Abbagana, ka ji tsoron Allah!" in ji shi da ƙarfi, don maƙwabta su ji. "Wannan hannu ne? Dubi yadda yake rawa. Mutum ya matse birki sai ya zame gefe. Wallahi wannan kashe mutum zai yi!"

"To ajiye shi mana, ɗan Alhaji," in ji Abbagana. "Ga mai kyau nan. Ko ka bar na kekenka, ai lafiyarsu ƙalau."

"Ni za ka koya wa ciniki? Rage dai, tun da gawa kake sayarwa."

Haka ya yi ta zagin kayan har Abbagana ya gaji, ya sallama masa don ya rabu da shi. Mudi ya fita yana murmushi, ya ci ciniki. Abin takaicin shi ne, ya saba kushe kaya da ƙarya har bai lura yau gaskiya ya faɗa ba. Ya ɗaura hannuwan da kansa a cikin ɗaki, ya kulle keken, ko zagaye unguwa bai yi da shi ba, wai kada labari ya kai kunnen Hizbullahi kafin ranar.

Ranar tsere aka tashi da sassafe. Gaskiya Mudi ya taka. Tun kafin a yi nisa ya bar jama'a a baya, sai Hizbullahi kaɗai ke manne da shi. Hanya shimfiɗaɗɗiya ce, ba abin da ya sa shi neman birki. Giya na shiga yadda yake so, har ya waiwaya ya yi wa Hizbullahi gwalo.

Da suka doshi Gashuwa, ana jin ihun masu jira, sai ga garken shanu ya hau kwalta za shi kasuwa. Makiyayin yana ɗaga sanda yana kururuwa. Mudi ya matse hannun dama da dukan ƙarfinsa. Hannun ya zame gefe ƙarƙashin yatsunsa, sarƙa ta yi ƙara ta faɗa wata giya, keken bai rage gudu ko kaɗan ba. Kafin ya lalubo na hagu ya riga ya afka wa wani bijimi. Ya tashi sama ya dira a kan hannunsa, ƙashin wuyan hannun ya karye.

Hizbullahi ya matse nasa birkin, ya jira shanun suka ba da hanya, ya wuce. Shi aka tura Damaturu.

Da Mudi ya ɗan samu sauƙi sai ya nufi rumfar Abbagana, hannu a ɗaure da karan ɗori, yana zage-zage tun daga nesa. "Azzalumi! Ka sayar mini da abin da ya kusa kashe ni!"

Abbagana bai ko tashi daga benci ba. Ya dubi maƙwabtansa ya ce, "Jama'a, ranar nan wa ya rantse cewa hannun nan kashe mutum zai yi?"

Duk layin suka amsa baki ɗaya, "Shi ne!"

Mudi ya juya ya tafi. Hannunsa da ya karye kuwa ya warke a karkace, bai sake iya matse birki da shi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda ya mai da bakinsa wurin ƙarya don neman rangwame, wata rana zai faɗi gaskiya shi kansa bai yarda da ita ba. In ka ga aibi a jikin kaya, musamman abin da ranka zai rataya a kansa irin birki, to gargaɗi ne gare ka, ba makamin ciniki ba. Ka sayi abin da ƙarfinka ya kai, amma ka duba shi, ka gwada shi, kada gasa da wani ta sa ka yar da abinka mai lafiya.