Yadda Albasar Kura Ta Sami Sunanta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

An yi wani manomin rani, sunansa Nomau, yana da lambu a bakin fadama. Shi Nomau ba ya cakuɗa shuka. Kowane dangi da fangalinsa, wato ɗan filin nan da ake kewayewa da kunya don ruwa ya tsaya. Tumatir da tattasai da attarugu da gauta, gidansu ɗaya. Kabewa da kankana da duma, gidansu ɗaya, kullum suna miƙe ƙafa suna faɗa a kan wuri. Kuɓewa da rama da yakuwa su ma gida ɗaya. In kuna musu, gobe da safe ku duba furen kuɓewa, ku duba na rama, za ku ga kamar uwa ɗaya ta haife su.

To, fangalin da ya fi kusa da rijiya, inda ruwan farko ke sauka safe da yamma, na su Albasa ne. Albasa da 'ya'yanta, da kakarsu Tafarnuwa, wata 'yar tsohuwa ƙarama mai kaifin baki. Tsirran nan suna hira tsakaninsu kamar ni da ku, sai dai kunnen mutum ba ya kama maganarsu.

Can a kan tudu kuwa akwai wani tsiro da ba shi da ko suna. Kansa yana cikin ƙasa, dunƙule, ɓawo kan ɓawo, kamar albasa. Amma cikinsa dafi ne. Wanda ya ci kaɗan, amai da gudawa. Wanda ya ci da yawa, sai dai a yi masa addu'a. Ko akuya in ta gan shi kaucewa take yi.

Rani ya yi rani, tudu ya bushe, ƙishirwa ta dame shi. Kullum yana hango Nomau yana ɗura wa su Albasa ruwa. Ran nan Nomau ya hau tudun da jakinsa ɗiban ƙasar gyara kunya. Sai tsiron nan ya lafe a cikin ƙasar, aka kwashe shi aka zuba a mangala, aka juye shi a bakin fangalin su Albasa.

Ya kakkaɓe jiki, ya ce, "Salamu alaikum, Goggo."

Albasa ta ce, "Wa alaikumus salamu. Goggon wa?"

Ya ce, "Goggona mana. Ni ɗan wanki ne, wanda ya tafi cin rani bai dawo ba."

Albasa ba ta tuna wani wa da ya tafi cin rani ba. Amma da ta ga girman kansa, sai ta ji daɗi a ce gidansu ya haifi wannan. Ta ce, "Yara, ku matsa wa yayanku."

Suka matsa wa Baƙo, wato tsiron nan na tudu. Da yamma ruwa ya sauko, Baƙo ya sha, ya sha, har ya kama waƙa:

"Ni ɗan Albasa, jikan Tafarnuwa,
Ruwan safe nawa, ruwan yamma nawa."

Tafarnuwa ta buɗe ido ɗaya. Ta ce, "In jikana ne, ai mijina ne. Ba kuwa zan auri wanda ban duba ba. Angona, miƙo ganyenka."

Ya miƙa. Ta shafa, ta ce, "Ganyen Albasa rami gare shi a ciki, ko yara busa suke yi da shi. Naka kuwa shimfiɗe yake kamar ɗamara."

Baƙo ya ce, "Iya, ke fa? Naki ganyen ba a shimfiɗe yake ba? Ai ke na gado, amaryata."

'Ya'yan Albasa suka fashe da dariya, har su Tumatir suka leƙo ta kan kunya. Tafarnuwa ta dubi ganyenta, ta ce, "Ka yi gaskiya. Ganye ba ya yanke hukunci."

Kwana uku ta sake cewa, "Angona, gidanmu an san mu da wari. Albasa tana sa babban mutum hawaye. Ni kuwa wanda ya ci ni da safe, har la'asar ba ya iya ɓoyewa. Matso in shinshina ka."

Ashe Baƙo ya shirya. Tun jiya da Nomau ya tsinki lawashi, wato ganyen albasa, gutsattsari suka zube, ya tattara ya goge jikinsa tas. Ya matso. Tafarnuwa ta shinshina, ta yi atishawa.

Ta ce, "Warin namu ne. Sai dai a riga na ji shi, ban ji shi a jiki ba."

Albasa ta ce, "Haba, Iya, kin cika bincike. Yaro ya zo gidan ubansa, kullum sai kin tsare shi kamar ɓarawon akuya."

Baƙo ya yi murmushi. Ruwa ya sauko, ya kama waƙarsa:

"Ni ɗan Albasa, jikan Tafarnuwa,
Ruwan safe nawa, ruwan yamma nawa."

Kwana uku kuma Tafarnuwa ta ce, "Angona, saura abu ɗaya. Ganye yana kama da ganye, wari ana aro. Fure ne ba a aro. Furen gidanmu dunƙule yake a kan kara, zagaye kamar curin fura. Fito da naka mu gani."

Baƙo kuwa ya san irin furen da ke naɗe a cikinsa. Sai ya sunkuyar da ganye ya ce, "Iya, ni yaro ne, ban isa fure ba."

Ta ce, "Da wannan ƙaton kan?"

Ya ce, "Kai ne ya riga ni girma."

Albasa ta ce, "Ki bar shi, kunya gare shi. Ubansa ma haka yake." Ita da ba ta taɓa ganin uban ba.

Shi ke nan, Baƙo ya zauna. Yana sha yana ƙiba, yana sha yana ƙiba, furen na turowa yana danne shi. Ya ture 'ya'yan Albasa gefe, ya cika rabin fangali.

Ana nan, sai 'yar Nomau ta haihu. Saura kwana uku suna, matarsa Ladingo ta shigo lambu duba kayan miya. Tana ganin Baƙo ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Malam, wannan albasar ita kaɗai ta isa tukunyar suna. Da ita zan yi wa mai jego farfesu, sauran in zuba a miyar jama'a."

Nomau ya ce, "Ki sa mata alama."

Ta kafa kara a gefensa, ta ɗaura tsumma ja, suka tafi.

Baƙo ya ce, "Goggo, mece ce tukunya?"

Albasa ta ce, "Kai, ɗan nan, ka yi sa'a. Ai ita ce darajar gidanmu. Za a tone ka, a ɓare maka riga, a yanka ka ƙanana-ƙanana, a jefa ka cikin mai yana tafasa. Ka ji ƙamshi har bakin kasuwa."

Ya ce, "A yanka?"

Ta ce, "Da wuƙa mai kaifi, ba ka ma ji sosai. Ka ɗauka don me ake ba mu ruwa safe da yamma?"

Da yamma ruwa ya sauko, Baƙo bai yi waƙa ba. Can ya ce, "Goggo, ina da magana. Ni ba ɗan wanki ba ne. Ba ki ma da wa. Daga tudu nake, a mangala na zo, kuma cikina dafi ne."

Albasa ta yi dariya ta ce, "Tsoro ne. Kowa haka yake cewa in an ɗaura masa tsumma. Bara wani ƙanena cewa ya yi shi dankali ne."

Ya ce, "Wallahi da gaske nake."

Ta ce, "Mun ga ganyenka, mun ji warinka. Kwanta ka huta."

Tafarnuwa ita ba ta yi dariya ba. Ta tuna mai jego, ta tuna jaririn da ke shan nononta, ta tuna jama'ar da za su sa hannu a kwano. Ga shi ko ta yi ihu, Nomau ba zai ji ba.

Ta ce, "Angona, zo kusa. Dafin nan gaskiya ne?"

Ya ce, "Iya, ko akuya ba ta gaishe ni."

Ta ce, "To, saurara. Shekara da shekaru ina fangalin nan, na san aikin Nomau. Ba ya tone albasar da ta yi fure. Barinta yake ta yi iri. Ka ga waɗancan ukun na kusurwa masu curi a ka? Babu wuƙar da za ta taɓa su."

Ya ce, "In na yi fure za a gane ni."

Ta ce, "Za a gane ka."

Ya ce, "A kore ni daga ruwa."

Ta ce, "A kore ka. Ni ba zan yi maka ƙarya ba, ko da kai ka yi mini uku. Ruwa da wuƙa, ko tudu da ranka. Zaɓi."

Rana ta farko ya ce bari ya ƙara shan ruwa tukuna. Rana ta biyu ya ce wataƙila Ladingo ta manta. Rana ta uku da sassafe sai ga Ladingo da kwando a ka, Nomau na biye da fartanya. Ta ajiye kwandon, ta ciro wuƙa, ta goga ta a dutsen bakin rijiya, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Tafarnuwa ta ce, "Angona, ka ji kiɗan bikinka."

Ai Baƙo bai san sanda ya saki ba. Kara ya ɓullo daga tsakiyar kansa. Ya wuce gwiwar Ladingo. Ya wuce ƙugunta. Ya wuce hular Nomau. Sai ƙananan furanni farare suka buɗe, jere a jikin karan daga tsakiya har sama, kamar zangarniyar gero.

Nomau ya ce, "Dakata, Ladingo. Ta yi fure, ta zama ta iri."

Ta ce, "Irin me? Ɗaga kai ka duba."

Ya ɗaga kai, har hularsa ta faɗi. Ya dubi albasa ukun nan na kusurwa da curinsu zagaye. Ya dubi wannan zangarniya. Ya durƙusa, ya kankare gefen kan da farce, ya shinshina. Babu wari. Kafin ya miƙe, yatsan ya kama ƙaiƙayi.

Ya ce, "Wannan ba albasa ba ce. Ko maƙwabtaka ba su haɗa ba. Irin abin nan ne na tudu da dabbobi ke gudu."

Ladingo ta zauna a kan kunya, ta ce, "Inna lillahi. Da yanzu na ɗura wa 'yata." Da numfashinta ya dawo ta ce, "Shekara talatin kana noman albasa, Malam, ka yi wata biyu kana shayar da ɗan daji."

Ya ce, "Ni na shayar, ke kika ɗaura masa tsumma."

Ta ce, "To, mun yi kunnen doki. Kada dai surukai su ji."

Nomau ya sa fartanya ya tone Baƙo, ya ɗaga shi da bakin fartanyar don kada ya taɓa, ya wurga shi bayan shinge. Yana cikin iska ya ji Tafarnuwa na cewa, "Sauka lafiya, angona. Na yafe sadaki."

Albasa kuwa ta ce, "Ni dama tun farko ban yarda da shi ba."

Ladingo ta cika kwando da albasar gaske, aka yi suna, mai jego ta sha farfesu har da ƙari.

Shi kuwa Baƙo, ashe Kura tana laɓe a bayan shingen, ƙamshin ragon suna ya jawo ta. Abu ya faɗo tim a gabanta. Ta ce, "Mutanen nan sun fara hankali, tun ban roƙa ba an jefo mini kayan miya."

Baƙo ya ce, "Ranki ya daɗe, kada ki ci ni. Ni ba albasa ba ne."

Kura ta ce, "Duk abin da na kama, sai ya ce shi ba abinci ba ne."

Ta cafke shi, ta ruga tudu, ta gatsa gefe ɗaya. Baki ya kama ƙaiƙayi, ciki ya kama juyi. Ta tofar da shi, ta kwana uku tana birgima tana kiran uwarta. Dabbobin daji suka taru kallo, kowa na tambaya me ta ci, tana cewa, "Albasa ce, albasa ce." Zomo ya ce, "To, albasarki ce ke kaɗai." Tun daga ranar ake kiransa albasar kura. Ya kafa saiwa a inda aka tofar da shi, yana nan har yau yana jiran damina kamar kowa.

Saboda haka, yara, in kun ga abu a daji mai kama da na tukunyar gidanku, kada ku kai baki. Kama ba dangantaka ba ce, suna ma ana iya laƙaba wa wanda ba nasa ba. Mai son sanin dangin tsiro, ya yi haƙuri ya jira furensa. Wanda kuma ya cusa kansa a gidan da ba nasu ba don ruwansu, ya fara tambaya tukuna me ake yi da 'yan gidan.

Ƙurunƙus kan gafiya, ta ƙare, kowa ya kakkaɓe zanensa.