Ɗan Rairayi, Dokin Inna Delu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata tsohuwa ce wai ita Delu, mai sayar da kanwa a bakin zangon fatake. Ba miji, ba ɗa, ba jika. Sai dai baki, wannan kam Allah ya hore mata.

Ran nan ayari ya sauka daga gabas. Cikinsu akwai wani Balarabe da ɗan duƙushi, uwarsa ta mutu a hamada. Duƙushin ya rame, ƙafafu kamar sillen kara, ko tsayuwa da ƙyar. Balaraben ya ce, "Iya, na bar miki shi. Ba na son komai, sai dai ki riƙe al'adarmu. A ƙasarmu ba a sayar da barbarar ingarma, ba a kuma hana ta. Duk wanda ya kawo goɗiyarsa, mai hali ko talaka, kada a kore shi."

Delu ta dubi duƙushin ta ce, "Wannan abin ne zai yi barbara? Bari dai ya kai gobe tukuna."

Ya kai gobe kuwa. Ta dama masa kunu, ta ba shi dusa da 'yar kanwa, ta lulluɓe shi da zanenta, ta sa masa suna Ɗan Rairayi. Yau da gobe ya miƙe. Ga wuya dogo, ga hanci a buɗe, ga wutsiya a ɗage kamar tuta. Wata safiya ya ce mata, "Inna, ina kwana?" Delu ta zauna daɓas a ƙasa ta yi ta kuka, don tunda take ba wanda ya taɓa ce mata Inna.

Da ya zama ingarma, Jatau mai itace ya kawo gurguwar goɗiyarsa, ta haifi ɗa mai tsere da barewa. Wani Bafillace ya kawo tasa, ta haifi mai wuni bai nemi ruwa ba. Mai farauta ya kawo tasa, ta haifi mai sanin hanyar gida ko an rufe masa ido. Ko ƙwayar gero Delu ba ta karɓa ba.

Magana ta kai kunnen Sarki. Ya ce, "Irin wannan jini a gidan masu itace? A kawo shi bargata, a kulle. Goɗiyoyina kaɗai za su haifa masa." Aka zo aka kwance shi, Delu na biye tana tsine-tsine har ƙofar fada.

Aka zuba masa gero da zuma, aka jero masa goɗiyoyin Sarki. Ya juya musu baya ya ce,

"Ni ɗan Delu ne, ni Ɗan Rairayi,
Ba a sayena, ba a kulle ni."

Aka sa masa ragamar azurfa. Ya sake faɗa. Aka ɗauko bulala. Ya sake faɗa, da ƙyar muryar take fita. Bai ci ba, bai sha ba, har haƙarƙarinsa suka bayyana, ya kwanta.

Da Delu ta ji ɗanta zai mutu, ta yafa zane ta kutsa fada ba sallama. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ga doki ka ɗauka, ba ka tambayi al'adar gidansu ba. Ga shi ba ɗa, uban ma za ka rasa."

Sarki ya ce, "To, tsohuwa, mene ne magani?"

Ta ce, "A mayar da shi turkensa. Goɗiyoyinka su zo da ƙafarsu, su jira bayan wadda ta riga su."

"Wa ta riga su?"

"Gurguwar Jatau mai itace."

Fadawa suka hau salati. Sarki ya dubi dokin a kwance, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kwance shi a mayar wa Delu. Haka goɗiyoyin fada suka tsaya a rana bayan gurguwa, suna ta gunaguni, ita kuwa ko kallonsu ba ta yi.

Ɗan Rairayi ya warke. Ya haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi nasu, jininsa ya bazu gari gari. Da tsufa ya kama shi, ya ɗora kansa a cinyar Delu ya ce, "Inna, zan tafi."

Ta ce, "Ka bar ni da wa?"

Ya ce, "Na bar saƙo." Ya cika.

Delu ta yi baƙin ciki har ta daina fita kasuwa. Sai ga dokin wani falke ya ja ya tsaya a ƙofarta, ya ƙi motsi, ya leƙa ya ce, "Kaka, ina kwana?" Na mai itace ya zo ya gaishe ta. Tun daga nan duk doki mai ɗagaggiyar wutsiya ba ya wuce gidan sai ya gaida kakarsa. Har na Sarki haka yake yi, Sarki na bisa yana jira, ita kuma Delu ba ta iya gajeriyar gaisuwa ba.

Kun ji, yara, abin alherin da aka bar wa kowa ya amfana, shi ne yake yaɗuwa, kuma mai shi ba ya zama shi kaɗai.

Ƙurunƙus, nan na ɗaure ta a turke. In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya cusa ta.