Ranar da Rabo Ya Zo Ninki Biyu a Ain Khaled

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da bayinsa ta inda ba su yi zato ba, tsira da aminci su tabbata ga Annabawansa baki ɗaya. Wannan kaɗan ne daga labarin Shehinmu, malami masani, mai tsantseni da gudun duniya, wanda Allah ya buɗe masa ilimin tafsiri da ƙissoshin Annabawa, har ya zamana ba a ambaton wani Annabi a gabansa face ya sunkuyar da kai kamar yana ganinsa. Allah ya ƙara masa yarda.

A shekarar annobar korona, Shehi yana zaune a unguwar Ain Khaled, can ƙasar Larabawa, a wani tsohon gida da aka yanyanka ɗakuna, tare da direbobi da masu gadi, 'yan Najeriya da 'yan Gana da wasu 'yan Nepal. Aiki ya tsaya, kafil, wato ubangidan da ya kawo su aiki, ya daina ɗaga waya. Mai dafa wa gidan shi ne Masahudu, direba daga Zangon Kumasi, ɗalibin Shehi, mutum mai bin diddigi, wanda ba ya iya barin magana sai ya ga gindinta.

Wata safiya ya duba ya ga shinkafa ta koma gindin buhu, ga mutane cike da gida, har da wani dattijo mai ciwon suga da ba ya shan magani sai da abinci. Ya je wurin Shehi da shawarar a riƙa tsakura kaɗan-kaɗan. Shehi, Allah ya tsarkake sirrinsa, ya ce, "A dafa duka yau, a kira kowa."

Masahudu ya juye buhun. Yana wanke shinkafar sai abokin ɗakinsa Dogara, mai gadi, Kirista daga Tafawa Ɓalewa, ya tsaya a kansa ya ce, "Ɗan'uwa, malaminka ya karanta Attaura ne? A can ma da Bani Isra'ila suna jeji, abinci yake sauko musu kowace safiya, aka hana su ajiye na gobe. Waɗanda suka ɓoye, nasu ya yi tsutsa."

Masahudu bai ko tsane hannu ba ya koma wurin Shehi. "Allah gafarta Malam, abin da Dogara ya faɗa haka yake?"

"Haka yake," in ji Shehi. "Ba yunwa aka jarraba su da ita ba, da gobe aka jarraba su. Je ka, tukunyarka tana jira."

Kowa ya ci ya ƙoshi a ranar. Washegari da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofar gida, direban ya leƙo da takunkumi a fuska yana cewa, "Yalla, ku sauke!" Wata mata ce a unguwar Gharrafa da aka rufe gidan abincinta ta ce a kai kayan duk inda aka ga mabuƙata. Kashegari mai gidan burodi ne daga unguwar Bin Mahmud, wata rana mai kifi, kuma kullum abin da ya zo daidai cikin mutanen gidan yake, ba ragi ba ƙari. Masahudu ya shiga bincike, yana tare duk wanda ya zo da tambaya: wa ya aiko ka, ka san Shehi, wa ya kwatanta maka gidan? Babu wanda ya taɓa jin sunan Shehi. Wani ma ya rantse hanya ce ta ɓace masa, ya ga ƙofa a buɗe, ya ce khalas, shi ke nan, nan ne.

Sai wata rana motoci biyu suka zo a jere, abinci ya ninka. Masahudu ya ɗora tukwane zai dafe duka kamar yadda aka saba, sai Shehi ya fito da kansa ya ce, "Yau kam raba biyu, ka ajiye rabi."

"Allah gafarta Malam, ba kai ka hana mu ajiya ba?"

"Ni na hana, ni kuma na ce ka ajiye."

Ya ajiye, mutane suna gunaguni, shi kuwa ya wuni yana juya maganar bai gano kanta ba. Gari ya waye, sai ga jami'an lafiya cikin fararen kaya sun datse layin gaba da baya, don an sami masu cutar a gidan da ke kusa, ba shiga ba fita sai an gwada kowa. Ranar babu motar da ta iso. Masahudu ya buɗe ajiyar, ya tarar ko burodin bai bushe ba, dattijon nan ya ci ya sha maganinsa.

Dogara yana riƙe da farantinsa ya ce, "Wannan ma yana cikin Attaura. Jajiberin Asabar ninki biyu yake sauko wa Bani Isra'ila, ranar kaɗai aka ce su ajiye, don ran Asabar ba ya sauka."

Masahudu ya durƙusa gaban Shehi ya tambaye shi yadda aka yi ya san za a rufe layi. Shehi ya yi murmushi ya ce, "Ban sani ba, ɗana. Na dai san Mai aikowar ba ya kuskuren awo. Da na ga ya ninka, sai na fahimci umarni ne."

Har lokacin gasar ƙwallon duniya, Masahudu yana jigilar baƙi zuwa filayen wasa, bai daina bai wa 'yan'uwansa direbobi wannan labari ba, Dogara kuma yana shaida masa. Allah ya saka wa Shehinmu da mafificin alheri, ya ɗaukaka darajarsa, ya ɗanɗana mana irin yaƙininsa, ya sa albarkarsa ta lulluɓe mu da iyayenmu da maƙwabtanmu. Amin.