Kwamitin da Ruwan Sama Ya Zaɓa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu sha ta.

Dabbobi ne suka gina makaranta, aka sa ranar zaɓen kwamitin kula da ita. Ranar kuwa aka wuni ana sheƙa ruwa. Kaza da Akuya da sauran iyaye suka laɓe a gida. Kwaɗo da Agwagwa da Kunkuru kaɗai suka fito, suka zaɓi junansu.

Da damina ta yi nisa, jinkar aji ta fara yoyo. Iyaye suka tara ciyawar gyara, suka kai wa kwamiti. Kun san abin da marasa kunyar nan suka yi? Jaki suka ba ya cinye, ladan haƙa tafki a filin makaranta!

Kaza ta zo a fusace, ɗan tsakonta na rawar ɗari a ƙarƙashin fiffikenta. Ta ce, "Malam Kwaɗo, ku ji tsoron Allah! Jinka muka ce, wa ya ce tafki? Ɗana ɗaya ya mutu, ga wannan yana tari."

Kwaɗo ya ce, "Haba uwar yara, da kanmu muka shiga ajin ana ruwa. Ni dai daɗi na ji."

Agwagwa ta ce, "Nawa 'ya'yan ba su taɓa kawo ƙara ba."

Kunkuru ya leƙo daga ƙoƙon bayansa ya ce, "Ko ɗigo bai taɓa ni ba."

Kaza ta ce, "To a sake zaɓe!"

Kwaɗo ya ce, "Mun yarda. Duk ran da hadari ya haɗo, ki fito a yi zaɓen."

Shi ya sa har gobe, in ruwa ya sauko, Kaza na raɓe gindin zana tana ƙunƙuni, Kwaɗo na tafki yana ƙyaƙyata dariya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Tatsuniya ta ƙare, jinka dai tana nan tana yoyo.