Ƙarfen da Malam Halliru Ya Ce Ya Mutu

A garin Illela an yi wani malamin sakandare mai suna Halliru, wanda ke koyar da fiziks. Yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba a ja. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba", kuma yana ganin ƙasƙanci ne a same shi da littafi a buɗe. Tun da ya baro jami'a ya jefa littafinsa a ƙasan akwati, yana koyarwa da abin da ya rage a kansa. In sauran malamai sun zauna bita kafin jarrabawa, sai ya wuce su yana murmushi, wai bita aikin ɗalibi ne. Babin ƙarshe kuwa, wanda ke bayanin cibiyar ƙwayar zarra da tururin da wasu ƙarafa ke fitarwa ba a gani, kullum zango ke ƙarewa bai kai gare shi ba. Sai ya ce wa yara su karanta a gida, shi ma bai karanta ba.

Wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami shi ne Kawu Attahiru, ƙanin mahaifiyarsa, dillalin tsofaffin ƙarafa da ke da fili a bayan kasuwa. Motoci na sauke masa tarkace daga tsallaken iyaka, ya ware tagulla gefe, sanholo gefe, darma gefe. Darma ba ta kwana a filinsa, don masuntan Kalmalo na narka ta su ɗaura a bakin raga ta riƙa nitsewa.

Wata Lahadi, kasuwa ta cika, Kawu ya aika a kira Halliru. Ya iske mutane sun kewaye wani dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙaramin turmi, wanda ƙarti biyu suka sha wuya kafin su sauke shi. Jikinsa darma ce zalla. A gefe akwai zane mai fuka-fuki uku kamar fanka, da wasu haruffa, da shekarar da aka ƙera shi.

"Halliru, zo ka duba muna wanga abu," in ji Kawu. "Direban da ya kawo shi ya ce zanen ga ba na alheri ba ne. Ga Yari nan ya taho tun daga Kalmalo, darma shika so. In hwasa shi ko in bari?"

Halliru ya durƙusa. Ya gane zanen, ya kuma gane haruffan: kobal ne, ƙarfe mai fitar da tururi, an rufe shi cikin darma don kada ya cuci mutane. Ya tuna an koya musu cewa ƙarfin irin wannan kobal yana raguwa da rabi a kusan shekara biyar. Ya dubi shekarar da ke jiki, ya ga an haura goma. Nan take ya yi lissafinsa a ka: biyar ta farko ta ci rabi, biyar ta biyu ta ci ɗaya rabin, magana ta ƙare.

Sai dai wani abu ya ɗan taɓa zuciyarsa, kamar akwai wani layi a littafin da ya manta. Gidansa ba nisa, da ya hau babur da tuni ya dawo da amsa. Amma idanu sun yi masa yawa, ga Kawu na kallon mutane da alfahari, yana jiran ɗansa ya yi magana. Halliru ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Kawu, wanga ya daɗe da mutuwa. Da can shina da haɗari, yanzu ko ba komi ciki. Ku hwasa abinku."

"Kun jiya ko?" in ji Kawu yana dariya. "Boko bai tahi banza ba."

Aka kawo guduma da cizal. Kawu da kansa ya fasa darmar, Yari ya kwashi rabonsa ya tafi. A can tsakiya aka sami wani ɗan guntun ƙarfe mai sheƙi, bai kai ɗan yatsa ba. Kawu ya juya shi a tafin hannu, ya ce wataƙila azurfa ce, zai nuna wa maƙeri in ya sami sarari. Ya jefa shi a aljihun rigarsa.

Kafin magariba ya fara amai. Aka ce abincin kasuwa ne. Bayan 'yan kwanaki cinyarsa ta yi ja daidai inda aljihu ke kwanciya, ta ɗuri ruwa kamar an zuba masa tafasasshen mai, alhali ko kusa da wuta bai je ba. Yatsunsa suka kumbura suka yi baƙi. Wata safiya ya cire hula, gashi ya biyo ta. Masu zuwa dubiya suka fara magana ƙasa-ƙasa, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa an yi masa jifa ne don kasuwarsa ta buɗe. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Rigar kuwa tana rataye a ƙusa saman gadonsa, ba wanda ya tuna da ita. Matarsa, Inna Baraka, da ke jinyarsa a ɗakin, ita ma ta soma jiri, dasashinta na zubar da jini. Halliru na zuwa kullum bayan la'asar, ya zauna a ƙarƙashin rigar nan yana yi wa Kawu sannu. Ɗakin na ba shi tsoro, bai san dalili ba.

Ana haka aka ce masu duba makarantu na tafe, dole kowane malami ya kammala manhajarsa. Ba yadda Halliru ya iya, ya tono littafin, ya ɓoye shi cikin jaka, ya jira ofishin malamai ya watse da rana tsaka sannan ya buɗe babin ƙarshe. A shafi na biyu ya ga layin da ya manta. Wa'adin farko na cin rabi. Wa'adi na biyu ba ya cin ɗaya rabin, rabin abin da ya rage yake ci. Bayan shekara goma kashi ɗaya cikin huɗu na nan da ransa, kuma kashi ɗaya cikin huɗun irin wannan ƙarfe ya isa ya kashe mutum. A ƙasa aka jera alamomin wanda tururin ya taɓa: amai, ƙuna ba wuta, zubar gashi. Ya bar takalminsa a ƙarƙashin tebur ya fita da gudu.

Ya fitar da kowa daga gidan Kawu, ya kira hukuma. Washegari jami'ai suka zo daga birni da fararen kaya har fuska, ɗaya na riƙe da wata na'ura mai ƙara ƙas, ƙas, ƙas. A ƙofar gida tana yi jefi-jefi. A tsakar gida ta ƙara sauri. Da aka nufi rigar sai ƙarar ta haɗe kamar ruwan sama a kan kwano. Halliru na tsaye daga nesa, yana ji har cikin haƙoransa.

An kai Kawu da Inna Baraka asibiti a Sakkwato. Inna ta farfaɗo a hankali, Kawu kuwa likitoci suka ce jininsa ya riga ya lalace. Wani jami'i ya zo bakin gadonsa, Halliru na zaune a gefe.

"Baba, wa ya ce muku ba haɗari ku fasa abin nan?"

Kawu ya juyo da idanunsa da suka faɗa, ya dubi Halliru, ya daɗe yana dubansa, sannan ya mayar da kai ga jami'in.

"Ba kowa. Ni na ga darma, kwaɗayi ya ja ni. Wanga yaro shi ya gano cutar, ku gode mai."

Bai kai Juma'a ba ya rasu. Waɗanda suka ji maganar Halliru a kasuwa suka yi shiru don girmama mamaci, sauran gari kuwa suka ɗauki zancen da jami'ai suka ji daga bakin Kawu. Har yau in Halliru ya ratsa kasuwa, tsofaffi na tsayar da shi su kama hannunsa su ce Allah ya yi albarka, malamin da ya ceci unguwa. Yakan sunkuyar da kai ya ce amin. Kuma duk lokacin da aka faɗi haka, ko cikin hayaniyar kasuwa ne, sai ya ji ƙarar nan a kunnensa, ƙas, ƙas, ƙas, tana ƙara sauri.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Ilimin da ba a waiwayarsa yana zaizayewa ba tare da mai shi ya sani ba, ya bar masa ƙarfin gwiwa kawai, kuma wannan ya fi jahilci haɗari, don jahili yana tsoro ya tambaya. Komai zurfin karatunka, koma ka yi bitar tushensa, musamman in rayukan mutane sun rataya a kan amsarka. In aka tambaye ka abin da kake shakka, ka ce "ku dakata in duba". Kunyar faɗin haka ba ta wuce wuni guda, amma amsar da girman kai ya bayar tana iya ɗauke maka wanda ya fi kowa yarda da kai.