Cindo Baduku da Takalman Gidan Yari

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Cindo baduku. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne. In kun haɗu da shi a hanya ba za ku waiwaya ku sake dubansa ba. Rumfarsa tana gindin wata ceɗiya daura da ƙofar gidan yari, wurin da ko masu talla ba sa son tsayawa.

To, ku saurara ku ji al'adar garin nan. Duk wanda dogarai suka kamo ba ya shiga gidan yari da takalmi. A bakin ƙofa ake sa shi ya cire, a shure takalman gefe, rana ta dake su, ruwa ya jiƙa su, karnuka su ja. Ranar da aka sallami mutum sai ya fito ba takalmi, ya ratsa kasuwa a haka, kowa ya gane daga inda ya fito. Abin nan ya tsaya wa Cindo a rai. Sai ya riƙa tsince takalman, ya ɗinke wanda ya tsinke, ya shafa musu mai, ya rataye su a wata doguwar igiya a gaban rumfarsa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi.

Sannu a hankali igiyar nan ta zama wurin cigiya. Akwai malamin yari mai rubuta sunan duk wanda aka shigar, kuma yana aikinsa tsakani da Allah. Amma kun san mutum da kunya. Da yawa in an tambaye su suna, sai su faɗi wanda ba nasu ba, don kada labari ya kai gida. Dangi su zo nema, a duba, a ce babu. Daga nan sai su tsallako wurin Cindo su bi igiya da kallo, don uwa ba ta ɓata takalmin ɗanta.

Cindo yana da ƙa'ida. In dangi sun gane takalmi, nan take zai sauke shi ya sa a buhu, tunda mai nema ya samu, saura kuma 'yan kallo ne. In mai takalmi ya fito ya sa abinsa ya tafi, to bakin Cindo ya rufe ke nan. Ko a kan Limamin gari ka tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: “Ni takalma nake ajiyewa, ba na ajiye labari.”

Wata rana da hantsi wata tsohuwa mai suna Gwamma ta zo. Ɗanta ke nan ɗaya, Ilu, ya fita bai dawo ba. Ta je gidajen dangi, ta je bakin rafi, ta je wurin malamin yari an ce babu mai wannan suna. Tana bin igiya da ido, sai Cindo ya ga ta tsaya cik. Ta miƙa hannu ta taɓa wani takalmi da aka ɗaure maɗaurinsa da ƙyallen zane.

Ta ce, “Bakin zanena ne. Ni na yaga na ɗaure masa.”

Cindo ya ce, “Iya, zauna ki huta. Yana da rai, yana da lafiya, da ƙafarsa na ga ya shiga.”

Ta zauna tana kuka, ita kanta ba ta san ko na murna take yi ko na baƙin ciki ba. Can ta ce, “Malam, ka rufa mini asiri.” Cindo ya sauke takalmin ya sa a buhu.

Kada ku ce sharri aka yi wa Ilu. A'a, ya aikata. Ragon maigidansa ya kora kasuwar wani ƙauye ya sayar. Ya yi zamansa na gidan yari, aka sallame shi, ya tarar da takalmansa an yi musu sabon maɗauri, da ƙyallen uwarsa a naɗe a ciki. Ya sa ya tafi kansa a sunkuye. Maƙwabta sun ɗauka cin rani ya je, maigidan nasa kuma mutum ne mai kawaici, bai yayata ba. Ilu ya kama haƙar rijiya, ya riƙe ta da gaske. Shekaru suka shuɗe, Allah Ya yi wa Gwamma rasuwa, Ilu ya ga Ladidi 'yar Malam Jibo mai gishiri, yana so, ita ma tana so.

To, jama'a, ga inda jarrabawar take.

Kun san ba a ba da 'ya sai an yi bincike. Malam Jibo ya tambaya nan, ya tambaya can, kowa yabo. Sai wani mai tsegumi ya raɗa masa cewa kamar an taɓa ganin yaron nan a hannun dogarai. Malam Jibo ya ɗauki sandarsa sai rumfar Cindo. Suka gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Cindo ya ce, “Malam Jibo, ka san amsata. Ni takalma nake ajiyewa.”

Malam Jibo ya ce, “Na sani. Amma ni ba tsegumi ya kawo ni ba. 'Yata zan ɗauka in ba mutum, ta kwana ta tashi a hannunsa. Malam Cindo, na haɗa ka da Allah, da 'yarka ce, za ka so a yi maka shiru?”

Maganar nan ta soki Cindo. In ya ce bai sani ba, ya yi ƙarya, ya kuma ci amanar uba a kan 'yarsa. In ya faɗa, ya tona abin da Gwamma ta roƙe shi ya rufe, ga ta a kabari, ya kuma rushe auren yaron da ya gyara halinsa. Ku da kuke zaune nan, wanne za ku ɗauka? Na san wasunku da tuni sun gyara zama sun fara ba da labari har da ƙari.

Cindo ya ajiye basillarsa ya ce, “Ba zan yi maka ƙarya ba, ba kuma zan ba ka amsa a bakin hanya ba. Ka saurare ni gobe bayan la'asar a zaurenka.”

Da Malam Jibo ya tafi, Cindo ya rufe rumfa, abin da bai saba yi da rana ba, ya nufi inda Ilu ke haƙa. Ya leƙa ramin ya kira shi. Ilu ya hauro jikinsa duk laka, yana murna, ya durƙusa ya gaishe shi. Cindo ya gaya masa komai.

Ilu ya ce, “Baba, ka ce ba ka san ni ba. Kalma ɗaya ce fa.”

“Ba zan iya ba, ɗana.”

“To ka yi shiru kamar yadda ka saba.”

“Shiru a kan aure cuta ne. Yarinyar nan tana da haƙƙi.”

Ilu ya fashe da kuka ya ce, “Ashe kai za ka kashe ni? Kai da Iya ta amince da kai?”

Wallahi maganar ta yi wa tsohon nan ciwo. Amma ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ba ni zan faɗa ba. Labarinka ne, kai za ka kai shi da ƙafarka. Ka faɗi rabin farko, ni in faɗi rabin ƙarshe. Ba zan bar ka ka shiga zauren nan kai kaɗai ba.”

Washegari bayan la'asar suka je. Suka cire takalma a ƙofar zaure. Ilu ya durƙusa, ya faɗi zancen rago, ya faɗi sunan ƙarya da ya bayar, bai rage komai ba. Da ya gama, Cindo ya ce, “Saura nawa. Mai ragon nan, rijiyar da ke gidansa yaron nan ya haƙa masa, bai karɓi ko ƙwaya ba. Tun ranar da ya fita ƙofar can, takalminsa bai sake hawa igiyata ba. Iyakar abin da na sani ke nan.”

Malam Jibo ya dube su. Sai ya ce, “Na ji. Ku tashi ku tafi.”

Shi ke nan fa. Babu e, babu a'a. Kwanaki suka yi ta wucewa shiru. Ilu ya daina bi ta gaban rumfa, in ya hango Cindo a kasuwa sai ya sauya hanya. Cindo yana ɗinki, zuciyarsa tana ce masa, “Ka ga abin da ka ja wa maraya.” Abinci ma ba ya yi masa daɗi. Bai bi kowa da bayani ba, bai kai ƙarar Ilu wurin kowa ba. In ya idar da salla sai ya ce, “Ya Allah, in na yi kuskure, kada Ka sa yaron nan ya biya.”

Rannan da safe yana shafa wa wasu takalma mai, sai ga Malam Jibo da jar fata naɗe a hammata. Ya ajiye ta a gaban Cindo ya zauna.

Ya ce, “Na gaya wa uwarta, na gaya wa ita Ladidi, don ita za ta zauna da shi. Uwar ta yi ta faɗa. Ita kuwa yarinyar cewa ta yi, mutumin da ya kawo abin kunyarsa da kansa ba zai ɓoye mata wani abu ba. Na yi ta juya maganar, na ga ta fi ni gaskiya.” Sai ya tura fatar gaba ya ce, “Ka ɗinka wa surukina takalmin ɗaurin aure. Ba sai na kawo awo ba, ai ka san ƙafarsa.”

Cindo ya ɗauki fatar, hawaye ya hana shi ganin inda zai sa wuƙa. Da yamma Ilu ya zo ya durƙusa a bakin rumfa zai ba da haƙuri. Cindo ya ce, “Bar shi, ɗana. Miƙo ƙafar in gani, ko ta ƙara girma.”

To, 'yan'uwa, kun ji. Bawan Allah nan bai sayar da gaskiya don ya rufa asiri ba, bai kuma tona asiri da sunan gaskiya ba. Ya sha wahalar neman hanyar da za ta haɗa su biyun, ya haƙura da fushin wanda yake taimako. Mu fa? Yau in an ce an kama ɗan wane, kafin uwarsa ta ji, unguwa ta gama ji a bakinmu. Mu bi diddigi, me ya yi, ina aka kai shi, ba don mu kai masa abinci ba, sai don mu sami na hira. Ya fito ya tuba, shekara da shekaru, mu ba mu sauke takalminsa daga igiya ba.

In ka nemi labarin wanda aka tsare, ka nema don ka kai wa mahaifiyarsa ta sami natsuwa. In an tambaye ka a kan aure ko amana, kada ka yi ƙarya, amma ka fara zuwa wurin mai labarin, kuma in za ka faɗi faɗuwarsa ka faɗi tashinsa. Sauran masu tambaya kuwa, ka ja bakinka. Kowannenmu nan yana da abin da Allah Ya sa masa a buhu, ba ya so a rataye. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu zama masu rufa na wasu. Ku ce amin.