Gwauruwa da Daron Bakin Ƙofa

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye na gindin dutse, wadda mijinta ya rasu ya bar mata aladu shida. Ba saniya, ba gonar kirki, su ke nan. A cikinsu akwai uwar garke mai tsohon ciki. Matar ta san in waɗannan suka tafi, ba ta da sauran abin kamawa, don haka kullum idonta yana kansu.

Ana nan sai annoba ta faɗo wa ƙauyen. Alade ya ƙi dusa yau, gobe kunnuwansa su yi ja, jibi sai gawa. Malamin dabbobi ya zo ya tara jama'a a gindin ɗorawa, ya ce, "Wannan cuta ba ta jin allura, kuma ba fiffike gare ta ba. A ƙafafunku take yawo. Ku kankare ɗakunan aladunku tas, sannan ku fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin magani ba ya ratsa kashi. Ku ajiye daron ruwan magani a bakin ƙofa, ku riƙa sabunta shi kowace safiya. Kada kowa ya shiga sai an wanke takalminsa an tsoma." Jama'a suka gyaɗa kai kamar yadda mukan yi wa mai wa'azi, kowa ya kama hanyar gida ya bar maganar a gindin ɗorawa.

Mutanen ƙauyen nan fa akwai zumunci. In aladen wani ya mutu, dole a je jaje. Kuma jajensu ba na tsayawa a tsakar gida ba ne. Sai an shiga ɗakin aladun, an ga gawar, an riƙe haɓa an ce, "Kai, Allah ya mayar da alheri." Daga nan sai hankalin mutum ya tashi, ya garzaya gida ya faɗa cikin nasa aladun ya ga ko lafiya. Haka suka riƙa raba cutar gida gida da kyakkyawar zuciya.

Ita kuwa gwauruwar ta ga gemun maƙwabci ya kama wuta, sai ta shafa wa nata ruwa. Ta kwashe kashi, ta goge daɓe da bango har hannuwanta suka yi kanta, ta fesa magani, ta girka daro a bakin ƙofa. Maƙwabta suka samu abin dariya. Wata ta leƙo ta kan danga ta ce, "Sannu, malamar asibiti! Tun yaushe alade ya san tsabta?"

Ran nan da hantsi sai ga wan mijinta, dattijon gidansu, mutumin da ya tsaya mata tun ranar jana'iza. Daga gidajen jaje biyu yake. Bayan sun gaisa ya ce, "Bari in ga aladun ƙanena." Ya nufi ƙofa, ya ɗaga ƙafa zai tsallake daron.

Matar ta yi maza ta durƙusa a gabansa. Ta ce, "Baba, don Allah ka dakata."

Ya ce, "Ni? Ni ne zan kawo cuta gidan ƙanena? Dubi ƙafata, me kika gani?"

Gaskiya saman takalmin fes yake. Mata sun fara leƙe ta kan danga. Kunya ta rufe ta, har ta buɗe baki za ta ce, "Shiga, Baba." Sai ta ji gurnanin uwar garke a bayanta, ta haɗiye maganar.

Dattijon ya dangwala bakin takalmi a ruwan, ya ce, "To, ga shi. Kin gamsu?"

Ta ce, "Baba, ba kai ba ne, ƙasar da ka taka ce. Ba ni in wanke maka da hannuna."

Ta zare takalmin daga ƙafarsa, ta kife shi, ta sa tsinke a cikin tsagogin ƙasansa. Sai ga kashin aladu yana fitowa, ɗanye, ruwan magani ko taɓa shi bai yi ba. Dattijon ya gani, amma girma ya hana shi yarda. Ya fizge takalminsa ya ce, "Riƙe aladunki. Na ga iyakata a gidan nan." Ya fita ko waiwaye babu. Ta zauna a bakin ƙofar ta yi kuka mai isarta, domin tana ƙaunar mutumin nan kamar uba. Da gari ya waye, ta zubar da ruwan daro ta haɗa sabo.

Kafin mako ya zagayo, aladun dattijon suka ƙare ƙaf. Kafin wata biyu, ka ratsa ƙauyen daga gabas zuwa yamma ba ka jin kukan alade sai a gida ɗaya. A gidan gwauruwar, shida suna nan shida, uwar garke kuma ta haihu goma sha ɗaya, duk rayayyu, suna ture juna a kan nono. Matar ta tsaya tana kallonsu, murna ta cika ta, ta ɗaga hannu sama ta rera waƙar yabo har maƙwabta suka ji.

Da annoba ta wuce, aka wanke ɗakunan da suka zama kango aka bar su suka huta, sai tambaya ta tashi: ina za a samo iri? Dattijon ne ya fara zuwa. Ya tsaya daga nesa, hularsa a hannu, ya ce, "'Yata, da kin ji kunyata ran nan, da yau ƙauyen nan ba shi da iri." Ta ba shi mace da namiji. Masu dariyar jiya suka biyo layi, ta ba kowa gwargwadon abin da ya samu, mata suka rangaɗa guɗa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Ɗakin aladun nan zuciyarka ce da gidanka, annobar kuwa zunubi. Zunubi ba kasafai yake zuwa da fuskar maƙiyi ba. Da ya zo haka, ai da mun rufe ƙofa. A ƙafar wanda muke jin nauyinsa yake shigowa: abokin da ya ce, "Sau ɗaya ne kawai," ko babban da ya ce, "Haka muka gada," shi kansa bai san abin da ya tako ba. Daron nan Maganar Allah ce da addu'a, kuma ruwan jiya ba ya aikin yau. Da yawanmu dangwale muke yi ranar Lahadi, sama fes, ƙasa kuwa Allah kaɗai ya sani. Sai an kife takalmi an kankare da tuba ta gaskiya.

Ku lura kuma, matar nan ba ta zagi dattijo ba. Ta durƙusa masa, amma ba ta matsa daga ƙofa ba. Ta sha kuka na kwana ɗaya, ƙauye guda ya rayu a kan tsayawarta. Kai ma akwai wanda ka daɗe kana jin kunyar ce masa "dakata," kuma ka san sunansa. Makon nan ka faɗa masa cikin ladabi. Wataƙila ya tafi da fushi. Bar shi ya tafi. Ranar da ya rasa wurin zuwa, zai tarar da gida ɗaya da ya rage da rai, kuma naka ne.